Fita daga CEDEAO: abin da ya sauya a hanyar Kano, da abin da ya sauya a teburin manyan ƙasashe

Wani kawuna da ya shafe shekaru fiye da talatin yana kai raguna da bijimai kasuwar Maigatari ya tare ni da tambaya wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Ya ce, “Ɗana, ku da ba ku rabuwa da rediyo, an ce mun fita Sedeyawo. To ni jiya na tsallaka na sayar da bisashena na dawo, ban da ɗan na goro da aka saba bayarwa a shinge, ba wanda ya ce mini uffan. Daga cikin me muka fita ke nan?” Na ce, “Kawu, tambayar taka ta fi ƙarfin tsayuwa a bakin titi.” Ya yi gaskiya cewa a idonsa ba abin da ya motsa. Amma ƙasan da yake takawa ta sauya, kuma mu mutanen Damagaram mun fi na Bamako da na Wagadugu buƙatar sanin yadda ta sauya.

Sai an fara da ciwon, domin wanda bai ji shi a jikinsa ba ba zai gane fushin da ya biyo baya ba. Sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023. Kwana huɗu bayan haka shugabannin CEDEAO, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma da wasu ke kira ECOWAS, suka taru a Abuja suka rufe iyakoki, suka tsayar da ciniki da hada-hadar kuɗi, aka riƙe kuɗin gwamnati da ke babban bankin BCEAO, suka kuma ba da wa'adin mako guda tare da barazanar yaƙi. Najeriya, wadda a lokacin take ba mu kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin da muke sha, ta yanke wuta. Layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa ya mutu, Zinder da Maraɗi suka shiga duhu. Na ga masu walda a Zango sun wuni zaune a kan benci, na ga mai sayar da ƙanƙara ya kife firjinsa, na ga layi a ƙofar banki tun da asuba don a ciri 'yan jikkuna. Magani ya yi tsada, shinkafa ta hau. Gwamnati da kanta ta zaftare kasafin kuɗin 2023 da kimanin kashi 40 cikin ɗari. Wanda aka nufa da horon yana Yamai, wanda bulalar ta sauka a bayansa yana Birni da Garin Malam.

Abin da ya fara sassauta wutar ma ba takardar wata ƙungiya ba ce. A watan Agusta 2023, lokacin da aka hana wakilan CEDEAO ganin jagoran sojojin da suka karɓi mulki, Janar Abdourahamane Tiani, Muhammadu Sanusi na Biyu ne ya samu ganinsa, tare da rakiyar Sarkin Damagaram, daga baya kuma tawagar malaman Najeriya ta zo. Sanatocin arewacin Najeriya suka fito suka ce ba su yarda a yaƙi 'yan'uwansu ba. Ya kamata a riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ranar 16 ga Satumba 2023 Mali da Burkina Faso da Nijar suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES. Ranar 28 ga Janairu 2024 suka yi shelar ficewa daga CEDEAO. An ɗage yawancin takunkumin a ranar 24 ga Fabrairu, aka buɗe iyakar Najeriya a watan Maris, wuta ta dawo, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A taron Yamai na 6 ga Yuli 2024 ƙawancen ya zama tarayya. Dokar CEDEAO ta ce mai son fita ya ba da sanarwar shekara guda, don haka ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Ƙungiyar da aka kafa a Legas a 1975 ta koma mambobi 12 daga 15.

To me ya sa kawuna bai ga bambanci ba? Domin a ranar da ficewar ta tabbata, CEDEAO ta umarci sauran ƙasashe da su ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta daga hannun mutanenmu, su bar su su shiga su zauna ba tare da biza ba, su kuma ci gaba da ɗaukar kayanmu kamar kayan cikin gida, har sai an sake sanarwa. AES ita ma tun a Disamba 2024 ta ce 'yan ƙasashen CEDEAO ba sa buƙatar biza. Wannan “har sai an sake sanarwa” ita ce gaɓar da komai ya rataya a kai. A da, idan jami'i ya hana Banijare wucewa, ya karya yarjejeniyar 1979 wadda ta ba kowa damar kwana 90 ba biza, kuma akwai kotu a Abuja da talaka zai iya kai ƙara. A wannan kotun ce Hadijatou Mani ta yi nasara a kan gwamnatin Nijar a 2008 a shari'ar bauta. Yanzu wucewar tamu alfarma ce da aka yi mana, muka yi musu. Alfarma tana da daɗi, amma taron shugabanni guda ɗaya ya isa ya janye ta, kuma ba inda za ka kai kuka.

Akwai abin da mutane da yawa ke haɗawa wuri guda alhali gida biyu ne. CEDEAO daban, UEMOA daban. UEMOA ita ce ƙungiyar ƙasashe takwas masu kashe sefa, kuma ba mu fita daga cikinta ba. Sefan da ke aljihunmu shi ne na jiya, BCEAO ce ke buga shi, an ɗaure shi da yuro, yuro ɗaya a kan sefa 655.957. Wannan ƙungiya tana da nata dokokin zirga-zirga da na kasuwa ba haraji. Ke nan ɗan kasuwar Bamako da ke ɗauko kaya daga Dakar ko Abijan, da na Wagadugu da ke bin Lome, ko da CEDEAO ta tsuke musu gobe, suna da wata igiyar da za su riƙe. Najeriya da Ghana kuwa ba sa cikin UEMOA. Igiyar doka mafi ƙarfi da ta ɗaure kasuwar Damagaram da ta Kano ita ce CEDEAO, kuma ita muka kwance.

A nan ne nake so a daɗe. Daga Zinder zuwa Kano kilomita kusan 240 ne, zuwa Yamai kuwa kusan 900. Tun kafin Turawa, ayarin da ya taso daga Kano ta nan yake biyowa ya nufi Agadas da Gat har Tarabulus, kuma da wannan fataucin ne Sarki Tanimun ya gina ganuwar Birni. Har yau tsarin bai sauya ba. Wake da riɗi da aya da dabbobi suna gangarawa kudu ta Matamaye da Ɗan Barto zuwa Kwangwalam, ta Magarya zuwa Babban Mutum, ta Dungas zuwa Maigatari. Daga can kuma robobi, takalma, sabulu, atamfa, taliya, kayan gyaran babur da taki ke haurowa. Ka shiga kasuwar Dole ranar Alhamis ka ɗaga kaya goma, ka duba nawa ne ba su fito daga Kano ba. Ƙarƙashin tsarin CEDEAO, amfanin gona da dabbobi da aikin hannu suna wucewa ba harajin shigowa, ba ma a neman takardar asalin kaya a kansu. Kayan da ya zo daga wajen yankin kuwa yana faɗawa cikin harajin bai-ɗaya da aka fara aiki da shi a 2015, mai hawa biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Idan wata rana aka ce Nijar baƙuwa ce kamar kowace baƙuwa, buhun waken Mirriya zai tsaya layi ɗaya a gaban kwastan da kayan da ya sauka daga jirgin ruwa. Albasar Galmi da ke tafiya Ghana ita ma haka. Makiyayan da ke gangarawa kudu da rani suna da tasu takardar kiwo ta ƙetare da CEDEAO ta tanada tun 1998, ita ma makomarta na cikin abin da ba a zauna an rubuta ba.

Gaskiya kuma ba ta da ɓangare: takardar CEDEAO ba ta taɓa zama garkuwa cikakkiya ba. A watan Agusta 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamba 2020, alhali duk muna cikin ƙungiya ɗaya, kuma ba abin da ƙungiyar ta iya. Direban da ke bin hanyar Kano bai taɓa ganin ranar da shingaye suka daina cin kuɗinsa don an sa hannu a wata takarda ba. Kuma abin da ya fi taɓa cinikin kawuna a 'yan shekarun nan ba shi da alaƙa da ƙungiya: naira ce ta faɗi bayan an sake ta a 2023. Ya sayar da rago a Maigatari da kuɗi masu kauri a hannu, ya je wurin 'yan canji, ya tarar abin da ya dawo da shi na sefa bai kai kuɗin da ya saye shi a Tanut ba. Haka nan janye tallafin mai da Bola Tinubu ya yi a watan Mayu 2023 shi ya kashe kasuwar 'yan ruwa-ruwa. Kwalaben da ke jere a bakin titi suka ragu, kowa ya koma gidan mai, nauyin ƙasa gaba ɗaya ya dawo kan matatar SORAZ da ke arewa da mu, mai tace ganga 20,000 a rana. A watan Maris 2025 muka ga sakamakon, layin motoci da 'yan kabu-kabu har inda ido ya tsaya, kuma daga Najeriya aka nemo tankokin da suka rage wahalar.

Wasu ƙofofin ma da hannunmu muka rufe su. A Oktoba 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi zuwa ko'ina in ban da Mali da Burkina Faso. A Mayu 2025, ana gab da babbar Sallah, ta hana fitar da dabbobi. Niyyar a fili take, a saukaka wa mai saye a cikin gida, kuma na san gidajen da suka yi layya albarkacin haka. Amma manomin Kance ba shi da wani abokin ciniki a Bamako. Tsakaninsa da can akwai faɗin Nijar gaba ɗaya da yankin da ba a wucewa sai da rakiyar soja, Daura kuwa da ƙafa ma ana zuwa. Mai kiwon da ya shekara yana ɗura wa ragonsa dusa da harawa yana lissafin kasuwar Kano da Legas, shi ya biya kuɗin sauƙin da na birni ya samu. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ficewa ke nan da ba a cika faɗa ba: gwamnati ta samu 'yancin yanke irin wannan hukunci ba tare da wani ya ce ta saɓa alkawari ba, maƙwabci ma ya samu irinsa a kanmu.

A watan Maris 2025 AES ta sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan kayan da ke shigowa daga waje don ɗaukar nauyin tarayyar. Adadin daidai yake da wanda a da ake karɓa ana aika wa CEDEAO. Ba shi ne zai karya ɗan kasuwa ba.

Abin da ke karya shi hanya ce. Nijar ba ta da teku, kuma a da mafi yawan kayanta daga tashar Kwatano ta Benin yake saukowa, ya biyo ta Malanbil ya haye gada zuwa Gaya. Benin ta buɗe nata ɓangaren bayan ɗage takunkumi, Yamai ta ƙi buɗe nata, tana zargin akwai sansanonin Faransa a can da ake shirya mata sharri, zargin da Benin ta musanta. Kaya suka koma Lome, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori zuwa Tera, manyan motoci suna jiran makonni kafin a tara su a yi musu rakiya. Kowace rana ta jira kuɗi ce: abincin direba, hayar mota, ribar bashin banki. Idan kayan ya iso Yamai, saura kilomita 900 kafin ya ga Zinder. Mai shago a Sabon Gari ba ya karanta sanarwar ma'aikatar harkokin waje, amma yana karanta ta a farashin katan ɗin madara da buhun sukari.

Wannan rigimar ta hanya ita ce mahaɗar cinikinmu da huldarmu da manyan ƙasashe, domin arzikin da muke taƙama da shi a gabansu dole ya bi ta gidan maƙwabci kafin ya kai teku. Ɗauki mai. Kamfanin CNPC na Sin ne ya haƙa rijiyoyin Agadem, shi ke da kashi 60 cikin ɗari na SORAZ da aka buɗe a 2011, shi ya shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa Seme a gaɓar Benin, wanda aka tsara zai riƙa fitar da ganga 90,000 a rana. A Afrilu 2024, lokacin da baitulmali ya bushe, gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 daga kamfanin a matsayin kuɗin gaba, za a biya da ɗanyen mai. Wata guda bayan haka Shugaba Patrice Talon na Benin ya hana jirgi ɗaukar man, ya ce ba za a rufe masa iyaka a kuma bi ta tashar ruwansa ba. Wa ya shiga tsakani? Mutanen Sin. Daga baya tsoffin shugabannin Benin biyu, Nicéphore Soglo da Boni Yayi, suka zo Yamai sasanci. Abin dubawa shi ne saɓanin maƙwabta biyu, da babu zauren da zai haɗa su, ya koma hannun baƙon da ke bin ɗayansu bashi. A Maris 2025 gwamnati ta kori manyan jami'an kamfanonin man Sin uku a kan batun bambancin albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa, kuma duk wanda ke da ɗan'uwa a matatar ya san ƙorafin ba na yau ba ne. Na ji daɗin ganin an tsaya wa ma'aikacinmu. Sai dai mai haƙa, mai tacewa, mai bututu, mai saye da mai ba da rance duk mutum ɗaya ne, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Yuraniyom ma labarinsa ke nan ta wata fuskar. Shekara da shekaru ana ɗaukarsa daga Arlit a mota zuwa Benin, daga Kwatano ya hau jirgi zuwa Faransa. Da aka rufe iyaka, ya taru a ma'ajiya. A Yuni 2024 aka ƙwace lasisin mahaƙar Imuraren daga kamfanin Orano na Faransa, a Yuni 2025 aka mayar da Somaïr, mai haƙar yuraniyom a Arlit, mallakar ƙasa, Orano kuma ya garzaya kotun sasanci ta duniya. Duk wanda ya san yadda aka kwashe fiye da shekara hamsin ana haskaka biranen wasu da ƙasar Arlit alhali ƙauyukanmu na kwana da fitilar hannu, ba zai zubar wa tsohon tsarin hawaye ba. Amma mallakar ma'adini rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne hanyar fitar da shi, mai inshorar da zai yarda ya tsaya masa, da mai sayen da ba ya tsoron shari'a. Idan masu saye sun yi kaɗan, su ke yanka farashi.

Ya kamata a rarrabe wani abu a nan. Rabuwarmu da Faransa da Amurka ba ficewa daga CEDEAO ce ta haife ta ba, tafiya suka yi kafaɗa da kafaɗa. Jakadan Faransa ya bar Yamai a Satumba 2023, sojojinta kimanin 1,500 suka gama fita a Disamba, ta rufe ofishin jakadancinta a farkon 2024. A Maris 2024 aka soke yarjejeniyar soja da Amurka, kafin tsakiyar Satumba sun bar Yamai da sansaninsu na jirage marasa matuƙi a Agadas. Cire Nijar daga tsarin AGOA na shigar da kaya Amurka ba haraji, a Janairu 2024, saboda juyin mulki ne. Shigar kayanmu kasuwar Turai ba haraji ma ba ta CEDEAO ta biyo ba: babbar yarjejeniyar ciniki tsakanin Tarayyar Turai da yankin ba ta taɓa fara aiki ba domin Najeriya ta ƙi sa hannu, mu kuwa muna shiga ne ta ƙofar da aka buɗe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Bankin Duniya da asusun lamuni na IMF su ma sun dawo da hulɗa a 2024 ba tare da sun jira mu koma ƙungiya ba. Wanda ya ce ficewa ta rufe mana duniya ya zarce gona da iri.

Abin da ta sauya shi ne nauyinmu a kan sikeli, da yawan mutanen da ke bayanmu in mun shiga ɗaki. Nijar ta zauna a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2020 da 2021 domin yankin da nahiyar sun tsayar da ita. A Yamai aka ƙaddamar da kasuwar bai-ɗaya ta Afirka a Yuli 2019, kuma jadawalin harajin da muka shiga da shi na CEDEAO ne a dunƙule. Manyan ayyuka irin layin lantarki mai ratsa ƙasashe da titunan tashar ruwa, masu ba da kuɗi sun fi son su zuba ta hannun ƙungiyar yanki. Yanzu AES ce za ta gina irin wannan daga tushe: ta fito da fasfonta, ta sanar da rundunar haɗin gwiwa ta soja 5,000, ta kuma yanke shawarar kafa bankin zuba jari. Ƙasashe uku masu magana da murya ɗaya sun fi ƙasa ɗaya, kuma an ga haka a Afrilu 2025 da ministocin wajensu suka je Mosko tare, suka je Rabat tare. Amma dukansu uku ba mai teku, dukansu ma'adini da auduga da dabbobi suke sayarwa, dukansu shinkafa da magani da injuna suke saye. Abin da ɗaya ke nema, ɗayan ma shi yake nema.

Murya ɗaya kuma tana da nata farashin. A wannan watan na Afrilu 2025, Aljeriya ta harbo jirgin Mali marar matuƙi a yankin Tinzawatan, sai ƙasashen uku suka janye jakadunsu daga Aljiyas. Rigimar ba a ƙasarmu ta faru ba, amma Aljeriya ita ce ƙofarmu ta arewa, inda dabino da taliya ke gangarowa ta Asamaka, inda dubban mutanen Kance da Matamaye ke zuwa neman abinci, kuma ta ƙasarmu ne aka tsara bututun iskar gas daga Najeriya zai bi zuwa can. Haka a Agusta 2024 muka yanke hulɗa da Yukren don mara wa Mali baya. Zumunci ne, kuma zumunci ba a ƙinsa, amma a san cewa an bar wata rumfa mai sharuɗɗa an shiga wata mai nata sharuɗɗan.

Sabbin abokai kuwa kowa da abin da ya kawo shi. Rasha ta turo masu horar da soja da na'urorin kare sararin sama a Afrilu 2024. Turkiyya, wadda ta sayar mana da jirage marasa matuƙi tun zamanin Bazoum, ta turo babbar tawaga a Yuli 2024 ana maganar ma'adinai da makamashi da tsaro. Maroko ta yi tayin buɗe wa ƙasashen Sahel hanya zuwa tekun Atlantika, tayi mai kyau a ji, amma mutumin Zinder ya buɗe taswira ya auna nisan da ke tsakaninsa da can da wanda ke tsakaninsa da Legas. Tarayyar Turai ta rasa abin da ta fi so a wurinmu tun da aka soke dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure a Nuwamba 2023, aka kuma sallami tawagarta ta horar da jami'an tsaro. Na tuna damunar 2024, da ruwa ya rushe tsohon masallacin Birni da kakanninmu suka gina da laka, mutane suna kwana a makarantu. A kan rabon taimakon wannan ambaliyar ne aka samu saɓani da jakadan Tarayyar Turai har ya bar ƙasar. Gwamnati ta ce an raba kuɗin ba da saninta ba, kuma ƙasa tana da haƙƙin ta san abin da ake yi a cikinta. Matar da ɗakinta ya faɗi ita kuma tabarma da buhun gero take jira. Duka biyun gaskiya ne, kuma aikin diflomasiyya shi ne kada a bar ɗaya ta cinye ɗaya.

Ba mu ne farkon fita ba. Muritaniya ta bar CEDEAO a 2000, ta yi shekaru a waje, sannan a 2017 ta dawo ta sa hannu a yarjejeniyar abota da ta shafi ciniki ba tare da ta koma mamba ba. Ke nan akwai wuri tsakanin ciki da waje, amma da zama da rubutu ake samunsa. An fara irin wannan zama a Bamako a watan Mayu 2025 tsakanin ministocin AES da shugaban hukumar CEDEAO, Omar Alieu Touray. A Afrilu kuma ministan wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya zo Yamai ya gana da takwaransa na Nijar, Bakary Yaou Sangaré, watanni kaɗan bayan Janar Tiani ya zargi Abuja da haɗa baki da Faransa a wata hira da ya yi da Hausa, hirar da aka saurara a Kano da Sakkwato kamar yadda aka saurare ta a nan. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, amma ba sa ƙaura daga baki ɗaya.

Na ce zan dawo kan zuwan Sanusi da Sarkin Damagaram. Ya nuna cewa tsakaninmu da arewacin Najeriya akwai jarin da ba a ajiye shi a Abuja ko Yamai ba: auratayya, malamai da almajirai, sarautu, da amanar da ke sa dillali ya ba ka bijimi goma ka biya wata Alhamis. Wannan jari ya hana yaƙi. Amma ba zai tsaya a gaban jami'in kwastan ya ce ga doka ba. Muna da hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tun 1971, hedikwatarta a Yamai take, ba ruwanta da CEDEAO, kuma ba ta mutu ba. Ta nan nake so a bi, tun ana shiri, a rubuta a fili cewa wake da riɗi da dabba za su wuce ba haraji ta kowane ɓangare, cewa katin ɗan ƙasa ya isa a tsallaka, cewa ba za a sake mayar da lantarki bulala ba, cewa duk wanda zai rufe iyaka ko ya hana fitar da kaya zai ba da sanarwa kafin lokaci, kuma idan an saɓa ga inda za a kai ƙara. Layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi yana tafe, ya kamata a san da wace doka kayan da zai ɗauko za su sauka. Kuma a teburin a zaunar da wakilan 'yan kasuwar Zinder da Maraɗi da Diffa da na makiyaya, domin su ne suka san kowane shinge da sunansa da abin da yake ci.

Da na gama yi wa kawuna wannan bayani, ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, “To ɗana, ragunan da na ɗaure don Sallar baɗi, in ci gaba da ba su dusa da lissafin Maigatari, ko in yi lissafin kasuwar gida?” Na ce masa, “Kawu, ka raba su biyu.”